Ranin da Munkaila Ya Zauna Gida

In ka tambayi mutanen Matameye wane ne Munkaila mai rake, abin da za su fara gaya maka shi ne, mutum ne da ba ya cin goron da aka ba shi sai ya juya shi ya duba bayansa. Ba marowaci ba ne, ba kuma mugu ba ne, wallahi ko kaza bai taɓa cuta ba. Zargi ne kawai ya yi masa katutu. Ka gaishe shi sau ɗaya, ya amsa da fara'a. Ka kuskura ka ƙara da tambayar gajiya da iyali da kwana biyu, sai ka ga hannunsa ya tafi a hankali ya dafe aljihu.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Tun yana saurayi, gemu bai tsiro ba, ya fara bin manya ci-rani. Da an gama girbi an zuba dammunan hatsi a rumbu, sai ya naɗe tabarmarsa ya faɗa motar Daura, daga Daura sai Kano, daga Kano sai kudu. Ya yi Anacha, ya yi Fatakwal, ya daɗe a Ibadan, yana tura baron rake, ya fere, ya datsa, ya yayyafa ruwa don ya yi sheƙi. Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas sannan ya dawo gida da turmin atamfa da garin kwaki da 'yan kuɗin da za a lallaɓa har sabon hatsi ya nuna. Haka ya yi ta yi har furfura ta cinye rabin gemun.

To a can ne aka gyara masa zama. Wata rana a Anacha wani mutum mai yawan murmushi ya taya shi tura baro a hawa, yana ta zuba masa sannu, ko da suka kai bisa tudu mutumin ya ɓace, lalitar Munkaila ma ta ɓace. Wata shekarar kuma wani mai shago ya ba shi baranda ya riƙa kwana kyauta. Sai ranar da ɓarayi suka fasa shagon aka ci kwalar rigarsa, sannan ya gane ashe gadi yake yi ba albashi. Tun daga nan ya yanke hukunci a ransa, bai kuma sake ɗaga shi ba: duk wanda ya ba ka abu kyauta, akwai abin da ya hango a jikinka.

Sai zamani ya juya. Aka rufe iyaka, da aka zo aka buɗe kuma naira ta riga ta zube ƙasa warwas. Abin da mutum zai yini cikin rana yana tura baro ya tara, in ya kawo gida ya canza zuwa sefa, abin kunya ne ma ya nuna wa matarsa. Ga kuɗin mota ya hau, ga na hanya da ake tsayar da kai ana karɓa. Munkaila ya zauna ya auna, ya ga tafiyar ta zama wahalar banza. A shekarar, karo na farko tun yana yaro, aka gama girbi bai naɗe tabarma ba.

Abin da ya rage masa a duniya ke nan, gonarsa. Gonar gado ce, can bakin gari ta hanyar Kance, da wata tsohuwar tsamiya a gefen da ke kallon hanya. Da can daji ne sosai, sai ka yi tafiya kafin ka kai. Yanzu gari ya rarrafo ya iso ta. Gonakin da ke maƙwabtaka da ita an yayyanka su filaye, gidajen bulo sun tsaya a inda ake shuka wake. Munkaila ya san in gonar nan ta kuɓuce masa, to ya gama yawo, domin ba baro, ba rumbu. Ko a mafarki ya ga baƙo ya tsaya yana kallon ta, sai ya farka da ciwon kai.

Zaman gida da rani kuwa, ashe aiki ne. Bai san yadda ake yin sa ba. Gidan kallon balo, wato ƙwallo, sai da kuɗin shiga, ga wuta ba ta zama. Fadojin samari da a da shayi ba ya yankewa, yanzu sukari ya fi ƙarfinsu, sai dai a zauna a kalli buta. Zuwa kasuwa kuma ba ka da abin saye, tsokanar rai ce. Sai ya zauna a zaure yana jan carbi yana ƙirga ƙudaje. A nan ne ya lura da wani abu. Kullum aka yi sallar la'asar, sai matarsa Baiwa ta zura hijabi, ta ɗauki tabarma da tiren gyaɗar da take ɓarewa, ta yi waje, fuska a sake. Ta dawo gab da magariba tana 'yan waƙe-waƙenta. Mace tana waƙa a shekarar da shinkafa ta gagari kowa? Kai, da walakin, goro a miya.

Ran nan ya tare ta a bakin zaure. "Wai ina kike zuwa kullum haka?"

Baiwa ta ce, "Tsamiya, maigida."

"Wace tsamiya?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan garin. "Taka mana. Akwai wata ne?"

Ko hula bai tsaya nema ba, ya bi bayanta.

Tun daga nesa ya fara jin hayaniya. Da ya ƙaraso, sai ya ja ya tsaya, baki buɗe. Gonarsa, gonar ubansa, ta cika maƙil da mutane. Dattawa sun yi da'ira a gindin tsamiya suna dara, an tona 'yan ramuka a ƙasa, wannan da tsinken kara, wancan da ƙananan duwatsu, 'yan kallo sun fi 'yan wasa zafi. Can gaba samari sun riƙe ƙafa ɗaya suna langa, ƙura na tashi. Wasu sun cire riguna suna gwada kokawa, wani yana buga musu gindin jarka maimakon ganga. Mata sun ware gefe guda a kan tabarmi, masu kitso na yi, masu tsinkar zogale na yi, 'yan mata na gaɗa. Ba mai saye, ba mai sayarwa. Kowa ya zo da bakinsa da abin zamansa, kuma kowa dariya yake yi.

Wanda ya fara ganin sa shi ne Manu, tsohon direban tasha da ya shekara da shekaru yana jigilar mutane zuwa bakin iyaka, har tsadar mai da rashin fasinja suka sa ya ɗora motar bisa duwatsu. Manu ya miƙe yana ɗaga hannu biyu. "A'a! Jama'a, ga mai gona da kansa! Ku matsa, ku matsa, a ba shi jikin itace ya jingina."

Nan da nan aka kakkaɓe buzu aka shimfiɗa masa. Wannan ya miƙo hannu, wancan ya miƙo, wani ya kawo masa ruwa mai sanyi a moɗa. Wani mutum da za a yi wa haka sai ya ji kansa ya yi girma. Munkaila kuwa zargi ne ya taso masa. Ya zauna a ɗofane, ya karɓi ruwan bai sha ba, yana bin fuskokinsu da ido ɗaya bayan ɗaya. Wannan karramawa ta yi yawa. Mutanen da ko kofin shayi ba su taɓa ba shi ba, yau su ne da shimfiɗa buzu?

Da suka koma gida ya tsare Baiwa da tambaya. Ta ce abin ya kwana biyu, tun shekarun da rayuwa ta fara tsada. Manu ne ya fara zuwa shi da abokan dararsa don gudun zafin gari, sai samari suka biyo, sai mata suka ga ai su ma ba a hana su shan iska ba.

"Shi ne ba a taɓa gaya mini ba?"

"To me za a gaya maka? Kafin ka dawo an watse, an share wurin, ruwa ya sauka. Mutane ne suka zauna a inuwa, maigida, ba rijiya suka haƙa ba."

Sai a lokacin ya tuna, shekarun nan in ya zo shuka wajen tsamiya sai sungumi ya riƙa tsalle, ƙasa ta yi tauri. Shi duk a zatonsa shanun makiyaya ne suke kwana a wurin.

Daga ranar bai sake fashin zuwa ba. Ba wasa yake zuwa yi ba, gadi yake zuwa. In an ce ya shigo dara sai ya ce idonsa ba ya gani sosai, alhali idon nan ko allura ta faɗi a yashi sai ya tsinto ta. Kuma duk wanda ya fita neman abin zargi, ai ba ya dawowa hannu wofi. Da fari ya lura ba mai cewa gonar Munkaila. Tsamiya kawai ake cewa, kamar daga sama ta faɗo. Har 'yan kabu-kabu ya ji suna tambayar fasinja, tasha ko Tsamiya? Sannan ya ga randar da ake ɗebo ruwan nan, ashe ba ajiye ta aka yi ba, binne gindinta aka yi a ƙasa, an kewaye ta da yashi, har da murfi. Abin da aka binne ai ya zo zama ne. Ya ce a ransa, yau randa, gobe rumfa, jibi a ce ai tun kaka da kakanni filin jama'a ne.

Wata rana da 'yan dara suka tashi shan ruwa, ya matsa kusa da Manu, ya yi ƙasa da murya. "Manu, tsakaninka da Allah, wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ni me?"

"Tara mutanen nan. Kullum kai ne farkon zuwa, kai ne cika randa, kai ne rabon faɗa. Haka kawai? Ba mai ba ka ko na goro?"

Manu ya yi dariya har da tari. "Kai Munkaila, kudu ta lalata ka. Ina da kuɗin gidan kallo ne? In zauna a ɗaki matata ta yi ta lissafa mini abin da babu? Inuwa ce fa kawai, Allah ne ya yi ta."

Munkaila ya ce, "Allah ne ya yi ta, kakana ne bai sare ta ba."

"To Allah ya jiƙan kakanka," in ji Manu, ya koma kan dararsa.

Dariyar nan ba ta yi wa Munkaila daɗi ba ko kaɗan. Mai taya shi tura baro ma haka ya yi ta dariya.

Abin da ya ƙarasa tayar masa da hankali ya zo ne bayan 'yan kwanaki. Wasa ya yi daɗi, rana ta faɗi ba a sani ba, sai wani dattijo ya ce ai kafin a kai gari an rasa jam'i, a yi magariba a nan. Aka yi. Washegari da Munkaila ya zo, sai ya tarar an jera duwatsu a gabas da tsamiya, layi sambal, an fitar da ɗan lungun liman, an share ciki fes. Randa ana iya tone ta, rumfa ana iya ture ta. Amma wurin da aka kira masallaci, wane ne zai sa sungumi a ciki ya shuka hatsi? Duk garin nan ba wanda zai goya masa baya, har liman. Ya ce, to, ga inda aka dosa tun farko, an biyo mini ta hanyar da ba ni da bakin magana. Tsoro ya kama shi sosai, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Ga shi korar su ba ta yiwuwa. A ƙasar nan in an gama girbi an saki gonaki, daji na kowa ne har ruwa ya sauka. Akuya ma ba ka hana ta kiwo, balle ɗan Adam ya zauna a inuwa. Wanda ya buɗe baki ya ce a tashi masa daga gona da rani, to ya saya wa kansa sunan da jikokinsa za su gada. Sai dai akwai wata al'adar kuma da ta yi daidai da wannan ƙarfi: ba a hana mutum aiki a gonarsa. A nan Munkaila ya sami ƙofa.

A Ibadan ya taɓa zama ɗaki ɗaya da mutanen Adar, su ne suka ba shi labarin tassa, ramukan da suke haƙawa da rani a ƙasarsu mai tauri, a zuba taki a ciki, in ruwa ya zo ya kwanta a ramin, sai a shuka. A Matameye da yashi ya yi yawa ba mai wannan wahalar. Amma aiki ne na gona, ba mai cewa ba shi ba ne. Da sassafe ya saɓa diga ya tafi. Ya fara daga filin langa, rami kusa da rami, ya bi filin kokawa, ya shiga inda mata ke shimfiɗa tabarmi. Tsoho da shi, gumi na zuba, hannu ya yi kanta ya fashe, bai fasa ba. Cikin 'yan kwanaki ya kai gindin tsamiya. Duwatsun sallah kaɗai ya ji tsoron taɓawa, sai ya kewaye su da ramuka ta kowane gefe. Ya bi ya zuba kashin awaki a kowane rami.

Baiwa ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah. Tassa a garin nan? Kowa ya san abin da kake nufi. Da wane ido zan dubi matan unguwa?"

Ya ce, "Da idon matar mai gona."

Mutane ba su yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Suna zuwa suna tarar da wurin zamansu ya ragu, sai su ce, "Sannu da aiki, Munkaila." Ya ce, "Yauwa, sannunku." Su matsa gaba. Ranar da wuri ya ƙare, Manu ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon ramukan. Ya durƙusa ya tone randarsa da hannu, ya zubar da sauran ruwan a gindin tsamiya, ya ɗora ta a kafaɗa. Dattawan dara kuma kowa ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya daga na masallacin, suka bi bayansa. Munkaila yana tsaye riƙe da diga, kunya ta ɗan taɓa shi, ba za a ce ba ta taɓa shi ba. Amma daɗin da ya ji ya fi kunyar yawa. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, na sha da ƙyar.

Taron ya koma busasshen tafkin da ke bayan gari, inda gawo biyu ke ba da inuwa. Baiwa ma can ta koma da tirenta, ba ta ko tambaye shi ba. Shi kuwa kullum la'asar yana gindin tsamiyarsa shi kaɗai, ya miƙe ƙafa, ba abin da ke motsi sai ƙadangaru. In iska ta juyo takan kawo masa ihun 'yan kokawa daga nesa. Kewa ta dame shi, amma ya ce gara kewa da asara.

Yana nan zaune wata rana sai ga mota ta sauka daga kan hanya ta tsaya. Wani mai babbar riga ya fito yana taka ramuka a hankali, ya yi sallama, ya ce shi ne Alhaji Habibu, daga Damagaram, ɗan kasuwa. Ya dubi gonar gabas da yamma yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Madalla, wuri ya yi fes. Kai ne yayan Rabi'u ko?"

Rabi'u ƙanen Munkaila ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a Kano, can ya yi aure ya hayayyafa. Tun rasuwar mahaifinsu ba a raba gonar ba, domin Rabi'u bai taɓa tayar da maganar ba, in an aika masa da ɗan hatsi ya yi godiya, shi ke nan. Munkaila da ya zargi Manu, ya zargi randa, ya zargi 'yan kabu-kabu, ko sau ɗaya Rabi'u bai taɓa faɗo masa a rai ba.

Alhaji Habibu ya ce, "Ai ƙanenka ya daɗe yana bi na in sayi rabonsa. Bara na zo, bara waccan ma na zo. Duk zuwan sai in tarar da rabin gari a nan. Wani tsohon direba ya ja ni gefe ya ce mini, Alhaji, nan matattarar jama'a ce, in ka saya, ka sayi rigima da Matameye gaba ɗaya. Ni kuwa ba na sayen rigima, na ce wa Rabi'u ya nemi wani. Kowa ya kawo, haka yake gani ya gudu. Sai kwanan nan aka ce mini an watse, har mai gonar ma ya gyara wuri."

Alhaji ya latsa waya ya miƙa wa Munkaila. Muryar Rabi'u ta fito, a sanyaye. "Yaya, ka yi mini aikin gafara. Wallahi na rasa yadda zan gaya maka ne. Haya ta ci ni, ɗinki babu, yara sun bar makaranta. Ba duka nake nema ba, haƙƙina kawai. Alhaji ya ce ɓangaren hanya yake so."

Munkaila ya sauke wayar daga kunnensa. Me zai ce? Haƙƙinsa ne, ko gaban wane malami aka je. Rabin da zai rage kuwa ba zai ciyar da gida ba, ya sani, Rabi'u ma ya sani. Alhaji ya karɓi wayarsa ya ce bayan kasuwa mai zuwa zai dawo da mai unguwa da liman da masu awo, a raba a gaban shaidu.

Ko gida bai biya ba, ya nufi tafki. Ya tarar da su yadda ya san su, dara na ci, ƙura na tashi. Wannan karon ba wanda ya kakkaɓe buzu. Ya tsuguna kusa da Manu.

"Ashe ka san da maganar Rabi'u?"

Manu bai ɗago daga wasan ba. "Na sani."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka yarda? Da cewa za ka yi ina so in raba ka da ɗan'uwanka in cinye gonar." Ya tsayar da tsinkensa a rami. "Kuma kada ka ɗora mini alherin da ban yi ba. Ni inuwata nake karewa."

Munkaila ya dube shi, ya rasa gane ko gaskiya ya faɗa ko kunya yake rage masa. Ya ce, "Ku dawo, Manu. Don girman Allah. In Alhajin nan ya zo ya tarar da ku, zai sake guduwa."

"Ni ba sarkinsu ba ne. Ga su nan, ƙafar kowa a jikinsa take."

Ramukan da Munkaila ya haƙa da diga, da hannu da fartanya ya bi ya cike su, har bayansa ya ƙi miƙewa. Ya share gindin tsamiya. Ya kama ɗan akuyan da Baiwa ke kiwo ya kai kasuwa, ya sayo ganyen shayi da sukari da gawayi, ya aro manyan butoci da tabarmi. Ya bi masallatai da majalisu yana faɗa da bakinsa, shi da bai taɓa gayyatar kowa ko ruwa ba: gobe da la'asar akwai shayi a Tsamiya, kyauta, kowa ya zo.

Ya hura gawayi tun rana na tsaka. Shayi ya nuna, ƙanshi ya cika wurin. La'asar ta yi, ta wuce. Ya sauke na fari, ya ɗora na biyu. Duk wanda ya ɓullo a hanya sai Munkaila ya miƙe tsaye, mutumin kuma ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce abinsa. Washegari ma haka. Rana ta uku ce ko ta huɗu, sai ga Baiwa ita kaɗai, ta dawo daga tafki, ta zauna a bakin tabarma ta ajiye tire.

Ya ce, "Me suke cewa?"

"Kana so ka ji?"

"Faɗi."

"Cewa suke, Munkaila da shayi kyauta, a wannan tsadar? Akwai magana a ƙasa. Wasu sun ce asiri ka binne a ramukan, kana neman wanda zai taka. Wasu sun ce so kake a taru ka sa mu aikin gayya. Wasu kuma sun ce rigimar gado ce ta taso maka, kana neman mutanen da za ka tura gaba su sha zafin, kai kana baya."

Ya ɗan tona garwashi. Can ya ce, a hankali, "To ai na ƙarshen nan ba su yi ƙarya ba."

Baiwa ta dube shi. Tausayinsa ya kama ta, ta ɗauki kofi ta zuba ta sha, don dai kada a ce ba wanda ya sha.

Ranar da aka sa, ya sake hura gawayin, ko Allah zai sa. Waɗanda suka zo su ne Alhaji Habibu da mai unguwa da liman da masu awo biyu. Suka tarar da tabarmi a shimfiɗe, wuri a share, shayi na tafasa. Liman ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, Munkaila. Da haka kowa ke karɓar rabon gado, da ba mu sha wahala ba." Suka zauna suka sha na fari, suka sha na biyu, Alhaji har yana tambayar inda ake sayen ganyen.

Sannan masu awo suka tashi suka warware mitarsu. Ɗayan ya duba ya ga ba kowa a wurin da zai taya su, sai ya miƙa wa Munkaila bakin mitar ya ce, "Baba, riƙe mana nan, ka danne sosai kada ya motsa."

Munkaila ya durƙusa ya danne. Ɗayan ya ja ya yi ta tafiya da baya, ya wuce tabarmi, ya wuce murhun shayi, ya bar tsamiyar a ɓangaren Alhaji.